Gram 20 na Mai a Rana: Abincin Yara a Sansanonin Rage Ƙiba

A Amurka, idan makarantu suka tashi dogon hutu tsakanin watan Yuni da Agusta, wasu iyaye sukan biya kuɗi masu yawa su kai 'ya'yansu sansani na musamman, inda za su yi makonni suna wasanni da iyo da tattaki, ana kuma auna musu duk abin da zai shiga bakinsu. Ɗaya daga cikin tsofaffin wuraren nan shi ne Camp Shane, wanda aka buɗe a jihar New York a shekarar 1968, aka kuma rufe shi a 2021. A Ingila ma, Farfesa Paul Gately ya kafa irinsa a birnin Leeds a 1999. Kasuwar ba ta rasa masu saye ba, domin CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ta ƙiyasta cewa kusan yaro ɗaya cikin biyar a Amurka yana fama da ƙiba mai yawa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne kicin ɗin waɗannan wurare, musamman tsarin da sansanonin Wellspring na Amurka suka yi amfani da shi a da, wanda ya ce kada man da yaro zai ci a yini ya wuce gram 20. Domin a gane ƙanƙantar wannan adadi, babban cokali ɗaya na man gyaɗa yana da kimanin gram 14, wato kafin a gama soya albasa an kusa cinye rabon yini guda. Saboda haka aka riƙa cire fatar kaza a gasa tsokar, a gasa dankali a tanda maimakon a soya shi, a ba da madarar da aka cire wa mai, sannan a cika faranti da ganyaye da 'ya'yan itatuwa domin cikin yaro ya ɗauka.

Hujjar masu wannan tsari ba ta banza ba ce. Gram ɗaya na mai yana ɗauke da kalori 9 (kalori shi ne ma'aunin kuzarin da abinci yake ba jiki), alhali gram ɗaya na sitaci ko furotin kalori 4 ne kacal, don haka wanda ya rage mai zai iya cin faranti cike ba tare da ya tara kalori da yawa ba. Yaro kuwa ba ya jure wa ganin ɗan abinci a tsakiyar babban faranti, ko da an yi masa bayanin duniya.

Duk da haka, ni a ganina gram 20 ya yi tsauri ga jikin da bai gama girma ba. Shawarar da masana abinci na Amurka suka bayar ita ce, daga shekara 4 zuwa 18, kashi 25 zuwa 35 cikin ɗari na kalorin yini ya fito daga mai. Idan yaro yana cin kalori 1,600, mafi ƙarancin rabonsa ya kai kimanin gram 44, fiye da ninki biyu na abin da tsarin ya yarda da shi. Bitamin A da D da E da K ba sa shiga jiki yadda ya kamata sai da mai, kuma man kifi da na gyaɗa da na zaitun ba ɗaya suke da kitsen da ke cikin soyayyen abincin kanti ba. Amurkawa sun riga sun ɗanɗana wannan a shekarun 1990, lokacin da aka cika kantuna da biskit marasa mai amma cike da sukari, ƙiba kuma ta ci gaba da ƙaruwa.

Yara suna rage nauyi a sansani, wannan ba abin musu ba ne, tunda wani ne yake riƙe da ludayi kuma babu kanti a kusa. Matsalar tana farawa ne ranar da yaron ya koma gida ya tarar da firji yadda ya bar shi, ƙannensa suna shan lemon kwalba a gabansa. Shi ya sa ƙa'idojin da ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fitar a 2023 suka fi karkata ga shirin da ya haɗa iyaye da yara tare, na aƙalla awa 26 cikin watanni 3 zuwa 12, inda mai cefane da mai girki su ma suke zama a aji.