Mintin da Ba Na Tunawa

Ana saura kwana tara ƙaramar Sallah na ɓata wa wani Alhaji shadda. Shekarata goma sha biyar a kan keken ɗinki a nan unguwar Zariya ta garin Maraɗi, ban taɓa irin wannan ɓarnar ba. Ina cikin ɗinka wuyan riga, sai kawai na ga allura ta ratsa tsakiyar ƙirji har ta kusa aljihu. Abin da na iya tunawa shi ne wani wari kamar na ƙonanniyar roba, da wani abu da ya taso mini daga ciki zuwa maƙoshi. Daga nan sai ga yaron shagona tsaye a kaina yana cewa, "Maigida, lahiya? Tun ɗazu nike yi maka magana."

Na ce masa gajiya ce, kuma ni ma haka na ɗauka. Duk telan Maraɗi ya san ƙarshen azumi: kwana a shago, barcin awa uku, shayi a kan shayi, ga masu kaya suna yi maka sintiri.

To an yi Sallah, na rama barci, abin bai tafi ba. Sau huɗu ya dawo cikin wata uku, kuma kullum warin nan ke fara zuwa. Nakan tashi in duba wayar lantarki ko wani abu ke ƙonewa, babu komai. Wata safiya kuma na farka gefen harshena a ciccije, jikina kamar an yi mini duka. Maiɗakina ta tafi biki Tibiri a ranar, babu wanda ya ga abin da ya faru da dare.

Sai da na matsa wa yaron sannan ya faɗa mini gaskiya, yana sunkuyar da kai. Ya ce idona a buɗe yake amma ba na kallon kowa, bakina yana motsi kamar mai taunar goro, yatsuna suna tsintar bakin yadi kamar ina neman zare. Minti ɗaya, wani lokaci biyu. Bayan nan in tambaye shi ina almakashi, alhali yana hannuna. Wallahi ji na yi kamar labarin wani yake ba ni.

Da Inna ta ji, nan take ta ce iska ce. An yi mini ruƙiyya, na sha rubutu, an turara ni da hayaƙi har idona ya yi ja. Ban ƙi addu'a ba, har gobe ina yi. Amma ranar da na ce, "Inna, ko dai farfaɗiya ce?" sai ta rufe mini baki da tafin hannunta kamar ɗan yaye. "Kul! Kada in ƙara jin wannan. Kana da ɗiya mata." Na gane abin da take nufi. A garin nan gara a ce kana da aljanu da a ce kana da farfaɗiya, don mai aljanu ana tausaya masa, mai farfaɗiya kuwa ana ware masa kwano, a kuma bincika gidansu idan an zo neman aure.

Ba zan ga laifinta ba. Ina yaro wani saurayi ya faɗi a bakin babbar kasuwa yana shure-shure, mutane suka watse wai kada yawunsa ya taɓa su. Da ni aka gudu. Wannan hoton shi ne farfaɗiya a wurina, shi ya sa na daɗe ina ce wa kaina ai ni ban taɓa faɗuwa ba.

Likitan da na gani ya warware mini wannan. Ya ce ƙwaƙwalwa da ɗan lantarki take aiki, idan ya hargitse a ko'ina mutum ya faɗi ya yi jijjiga, idan kuma a wani ɓangare ne kaɗai sai a ga shiru, ko wari, ko motsin baki, mutum yana zaune. Ba ta yaɗuwa ta yawu, ko kwano, ko taɓawa. Amma bai yi saurin sa mini suna ba. Ya auna sukari, ya auna bugun jini, ya sa aka ɗibi jini, don faɗuwar sukari ko suma na iya kama da ita, kuma faruwa sau ɗaya ba ta isa a ce farfaɗiya ce ba. Ya tambaye ni ko na taɓa buga kai, ko zazzaɓin cizon sauro ya taɓa hau mini ka. Da na koma gida na tambayi Inna, ta ce a 1995, shekarar da sanƙarau ya ratsa Nijar, na kwanta har an fid da rai. Ban taɓa sani ba. Likitan ya ce sanƙarau na cikin abubuwan da kan bar tabo a ƙwaƙwalwa.

Abin da ya ba ni mamaki, ya fi son jin bakin yaron shagona da nawa. "Kai ba ka nan lokacin da abin yake faruwa," in ji shi, "shi ne yake nan." Ya rubuta mini gwajin da ake manna wayoyi a fatar kai, EEG, ya kuma gargaɗe ni cewa gwajin na iya fita lafiya lau ga mai ciwon, idan ba a dace da lokacin ba.

Na karanta cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 50 ne ke da farfaɗiya, kuma kusan kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa idan sun samu magani daidai. Lamba ta biyun nake ta maimaita wa kaina. Wani abokina ya ce in sayi Gardenal, wani maganin farfaɗiya, wajen masu talla in huta, likita ya ce kada in kuskura, don kowane iri da maganin da ya dace da shi, kuma wanda ya fara ba ya yankewa kwatsam.

Kafin sakamako ya fito na jingine babur, kuma wannan ya fi komai yi mini ciwo. Ba na hawa tsani, ba na leƙa rijiya. Na koya wa maiɗakina abin da aka koya mini: idan na faɗi ta kawar da abin da zai ji mini rauni, ta juya ni a kan gefe, kada ta danne ni, kada ta sa mini cokali ko ruwa a baki, idan ya wuce minti 5 a nufi asibiti.

A bayan littafin da nake rubuta awon mutane yanzu akwai shafi nawa: rana, lokaci, awa nawa na yi barci. Likita ya ce idan abin ya zo a ɗauke ni da waya. Ranar Talata yaron ya samu, minti ɗaya da daƙiƙa 40. Sau ɗaya na kalla. Ga ni nan da hulata, da tef a wuya, ina taunar iska. Ranar Alhamis zan kai wa likita wayar. Inna ba ta gani ba tukuna, kuma har yanzu ina biyan Alhaji kuɗin shaddarsa, saura jika goma.