Lissafin da ake yi kafin a zo asibiti

Kwana biyu muka yi a wani zaure a Garwa, arewacin Kamaru, a tsakiyar bazara, fanka tana juya iska mai zafi kamar ta bakin maƙera. Taron likitoci ne daga jihohin arewa uku, Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, kan yadda za a kare tsarin kiwon lafiyar ƙasa kada ya durƙushe. Gaskiya na je ne da shirin yin gyangyaɗi. Na saba da irin waɗannan tarurruka: a nuna jadawali a bango, a tafa, a sha lemo, kowa ya kama hanyarsa.

Ranar farko haka ta wuce. An tuna mana alkawarin Abuja na 2001, inda shugabannin Afirka suka ce za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya, kuma kowa a zauren ya san ba mu ko kusanci wajen ba. An ce wajen kashi 70 na kuɗin da ake kashewa kan jinya a Kamaru daga aljihun iyalai yake fitowa. Na rubuta lambar a takarda ba tare da ta taɓa ni ba.

Washegari wani dattijon likita da ya yi ritaya ya karɓi magana. Bai zo da kwamfuta ba. Ya ce shi ya fara aiki lokacin da mutum zai shiga asibitin gwamnati a duba shi ba a tambaye shi ko dala ba. Sai tattalin arziki ya karye, aka zo da tsarin Bamako na 1987, wanda ya ce majinyaci ya biya wani abu domin a riƙa juya kuɗin ana sayen magani. A 1993 aka zabtare albashin ma'aikata, a Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, maganin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabo. Ya ce tun daga nan taga mai karɓar kuɗi ta riga ɗakin likita ganin majinyaci, kuma mu da muka zo daga baya mun tarar da ita a wurin, sai muka ɗauka da ita aka gina asibitin.

Da aka fita shan iska na same shi a inuwar darbejiya. Na ce, "Baba, amma mutanenmu ma suna da laifi. Sai yaro ya galabaita sannan a kawo shi." Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ka taɓa tambayar uban yaron nawa ya kashe kafin ya iso gabanka?"

Ban taɓa ba. Nan take na tuna wani manomin auduga da ya kawo mini 'yarsa a wata damina, zazzaɓin cizon sauro ya shanye mata jini, idonta fari fat. Kwana biyar tana kwance a gida. Na yi masa faɗa a gaban mutane, na ce ai maganin zazzaɓin yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta ne tun 2011. Ya sunkuyar da kai bai ce uffan ba. Yarinyar ta tashi, alhamdu lillahi, ni kuma na daɗe ina ganin na yi daidai. A ƙarƙashin darbejiyar nan ne na yi lissafin da shi ya yi a ransa: kuɗin mai babur zuwa da dawowa a hanyar da ruwa ya cinye, kuɗin kati, na gwaji, abincin mai jinya, jinin da za a nema idan an ce a ƙara, ga gonar da za a bari a tsakiyar noma, alhali kuɗin auduga sai bayan girbi. A gefe guda ga mai tallar magani a kasuwar ƙauye, wanda zai ɓallo masa ƙwaya huɗu kan sefa ɗari biyu, har ya ba shi bashi. Duk mai hankali da ke da irin aljihunsa can zai fara zuwa.

Ba ina cewa ba a yi komai ba. Takardar nan ta masu ciki da ake saya jaka shida, sefa 6,000, wadda ta ɗauki awo da haihuwa har da tiyata idan ta kama da kulawar kwana 42 bayan haihuwa, daga nan arewa aka fara ta, kuma na ga matan da ta ceta da idona. A Afrilun 2023 aka ƙaddamar da zangon farko na inshorar lafiya ta kowa da kowa, wankin ƙoda ya koma sefa 15,000 a shekara. A Janairun 2024 Kamaru ta shiga sahun farko na ƙasashen da suka saka rigakafin zazzaɓin cizon sauro cikin alluran yara na yau da kullum. Amma wata likita da ke riƙe da ƙaramin asibiti a karkara ta faɗi abin da ya sa zauren ya yi tsit. Ta ce kyauta a bakin majinyaci bashi ne a littafin asibiti. Idan kuɗin da za a mayar mata na jinyar da ta yi kyauta ya yi jinkiri, ba ta da abin cike kantar magani, sai ta rubuta wa uwar yaro takarda ta je ta saya a waje. Uwar kuwa ta ji a rediyo an ce kyauta ne, don haka ta koma gida da yaƙinin cewa ma'aikata sun sace. Sau ɗaya aka yi mata haka, ba ita kaɗai aka rasa ba, har kishiyarta da maƙwabtanta.

An taɓa batun abokan karatunmu da suka tafi Faransa da Kanada, an kuma taɓa tallafin Amurka da aka dakatar a farkon 2025, wanda yaƙi da sauro a Arewa da Arewa Mai Nisa ya jingina da shi sosai. Kowa ya yi ajiyar zuciya. Waɗannan sun fi ƙarfin likita irina, kuma ba na son taron da ake ƙarewa da kuka kan abin da ba ya hannun kowa a ɗakin.

Abin da ke hannuna kaɗan ne. Na daina cika takardar magani da abu shida, nakan sa alama a kan wanda in babu shi akwai haɗari, in ce wa mai jinya, "Wannan ka fara saya, sauran in hali ya yi." Kafin in rubuta, nakan leƙa in ga me ya rage a kantarmu. Idan abin da aka ce kyauta ne ya ƙare, ni da kaina nake faɗa, da Hausa ko Fillanci, ba na barin mai taga ya sha zagin. Na kuma je har rumfar mai maganin nan na kasuwa, wanda da nake ganinsa a matsayin abokin gaba, muka sha shayi. Na roƙe shi abu guda: yaron da ke jijjiga, ko ya ƙi nono, ko tafin hannunsa ya yi fari, kada ya sayar wa iyayensa komai, ya turo mini su. Ya ce zai duba. A daminar da ta biyo baya uwa uku suka shigo suka ce shi ya aiko su, ɗaya ma ɗansa ne ya kawo ta a babur.