Abin da Igiya ta Nuna Min a Tafkunan Filato

Duk tafkin da zan auna, kayana ba sa wuce huɗu: igiya mai tsawon mita 30 da alama a kowace mita, ƙarfe mai nauyin kilo biyu, doguwar gora, da rigar hana nutsewa. Sai na jiƙa igiyar kafin in sa mata alama, don tsawonta na canzawa in ta sha ruwa. Ƙarfen kuma a ɗaura masa faranti a gindi, in ba haka ba ya lume cikin laka ya ba ka zurfin ƙarya. Da sassafe nake fita. Iska na tasowa kwalekwale zai ja, igiya ta karkace, awo ya ɓaci.

Yawancin abin da muke kira dam a Bukuru, Rayfield da Barikin Ladi ba dam ba ne. Ramukan kuza ne da kamfanonin Turawa suka haƙa suka bari, ruwan sama da na ƙarƙashin ƙasa suka cike su. Inji ne ya yanke gefensu, shi ya sa ba su da gangare. Na sha kafa gora a bakin gaɓa ruwa iya gwiwa, in matsa taku uku gorar ta ɓace gaba ɗaya. Rana tana ɗumama saman ruwan kawai, ƙasan yana nan da sanyi ƙarara, kuma lakar da aka wanke daga kuza tana riƙe ƙafa. Wannan ne ke cin yaranmu masu zuwa wanka, kuma abin yana ci min rai. Tulin yashin da ke gefe ma ba na gini ba ne, akwai ma'adinai masu fitar da tururin radiyeshan a cikinsa.

Dam na gaske, irin na Lamingo da ke Jos ko Usuma da ke shayar da Abuja, kogi aka tare da bango. Igiya ta fi nutsewa kusa da bangon, tana raguwa har wutsiyar da rafi ke shigowa, inda yashi ke taruwa kowace damina. A nan kututturan itatuwan da ruwa ya shanye ne ke kama ƙarfe.

Tafkin Pidong na Ampang ta Yamma, a ƙaramar hukumar Mangu, daban yake. Bakin tsohon dutse mai aman wuta ne, zagayayye kamar akushi, babu kogin da ke zuba masa. Danginsa ɗaya da tafkin Nyos na Kamaru, wanda a 1986 ya saki iskar gas da ta taru a ƙasansa, ta kashe mutum fiye da 1,700.

Tafkunan fadama ba su da wuyar ganewa: kogi ya yi gwiwa, ambaliya ta yanke hanya, tsohuwar gwiwar ta rage kamar jinjirin wata. Tafkin Tanganyika na gabashin Afirka kuwa ƙasa ce ta tsage, zurfinsa ya haura mita 1,400. Tafkin Chadi faffaɗan kwari ne marar zurfi da kogin Shari ke ciyarwa, shi ya sa ƙarancin ruwan sama kaɗan ke janye gaɓarsa nesa.

Yanzu kafin in kwance igiya sai na zagaya gaɓa da ƙafa. In na ga jajayen tudun ƙasa a gefe babu bango, na san ramin kuza ne, ba na barin kowa ya shiga kwalekwale ba riga.