Inda Na Kai: Koyon Gane Ciwon Ciki a Jikin Kare

'Yan'uwa masu koyon kiwon karnuka, ga inda na kai a wannan makon. Darasin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, tsayawar amai da gudawa ba ita ke nuna ciki ya lafa ba. Kare na iya daina zawo amma ciwon na nan yana cin sa, kuma da yawansu ba sa kuka. Jiki ne ke faɗa.

Karena na gadi ya samu ragowar kitse da romo mai maiƙo, cikinsa ya ɓaci. Bayan zawon ya tsaya sai na zauna ina kallonsa kawai. Yakan kwanta, ya tashi, ya zagaya, ya sake kwanciya, ya kasa samun wurin da ya yi masa. Yana yawan lasar leɓe da haɗiyar yawu, yana haki alhali yana inuwa, cikinsa na ƙugi har ina ji daga inda nake zaune. In ya miƙe tsaye, bayansa ya yi doro, ya tsuke ciki, tafiyar ma a takure.

Akwai wata tsayuwa da nake so ku riƙe sosai. Ya kwantar da ƙirji da ƙafafun gaba a ƙasa, ya ɗaga ƙugu sama. Kare mai neman wasa ma haka yake yi, sai dai shi wutsiya na kaɗawa, nan da nan ya daka tsalle. Mai ciwo kuwa daɗewa yake a haka, fuska a ɗaure, wutsiya a sake. Likitocin dabbobi na yawan ganin wannan a kumburin fankiriyas, wata gaɓa da ke kusa da tumbi, kuma abinci mai kitse na cikin abubuwan da ke tayar da shi. Lokacin layya sai a kula ƙwarai.

Hannuna ya fara sabawa da taɓa ciki. Tafin hannu nake shimfiɗawa bayan haƙarƙari, in danna a hankali. Cikin mai lafiya da taushi yake, na mai ciwo kuwa sai ya ƙanƙame, ya waiwayo da sauri ko ya yi gurnani. Ku sa takunkumi, don ciwo na sa kare ya ciji ko mai shi. Shawarata, ku riƙa gwadawa tun yana lafiya, ta haka hannu zai gane bambanci.

Ina kuma ɗaga leɓe in duba dasashi. Ya kamata ya zama ja-ja mai damshi, in an danna da yatsa launin ya dawo cikin daƙiƙa 2. Zafin jikin kare mai lafiya kuwa tsakanin digiri 38 ne da 39.2 a ma'aunin Celsius.

Nawa ya samu sauƙi da ruwa kaɗan-kaɗan da dafaffiyar shinkafa da tsokar kaza, ba mai, ba yaji, ba albasa, don albasa guba ce gare su. Don Allah kada ku ba kare paracetamol ko ibuprofen ko diclofenac namu na mutane. Suna iya lalata masa hanta ko ƙoda, ko su jawo gyambon ciki.

Wasu alamun kuma ba a kwana da su a gida. Idan ciki ya kumbura ya yi tauri kamar ganga, yana kakarin amai ba abin da ke fitowa sai kumfa, yana iya zama tumbi ne ya murɗe. Ya fi kama manyan karnuka masu zurfin ƙirji irin Alsatian, kuma yana kisa cikin sa'o'i. Haka kwikwiyon da bai yi rigakafi ba in ya fara zawon jini mai ɗoyi, a yi zargin cutar fabo (parvo), wata cuta mai yaɗuwa da ke kama hanjin karnuka. Aman da ya ƙi tsayawa bayan ya tauni ƙashi ko totuwar masara ma na iya zama toshewar hanji. Duk waɗannan, a ɗauke shi zuwa wurin likitan dabbobi a take.

Mako mai zuwa ƙirga numfashi da bugun zuciya zan koya, in sha Allah.