Rigimar Edison da Tesla na nan a wayar solarka

Duk mai haɗa sola a ƙauyukan Ringim ko Gumel ya san wannan: batir a cike, amma ƙwan da ke ƙarshen doguwar waya sai dushi-dushi. Matsalar da ta sha kan Thomas Edison ke nan.

Edison ɗan gwaji ne. A ɗakin gwajinsa na Menlo Park a Amurka, shi da yaransa sun yi ta jarraba abu bayan abu, suna neman zaren da zai jure cikin ƙwan fitila. A Oktoban 1879 zaren audugar da aka mayar gawayi ya yi sama da awa 13 yana ci, daga baya gorar Japan ta haura awa 1,200. Sai an zuƙe iskar cikin ƙwan tukuna, in ba haka ba zaren ya cinye nan take.

A 1882 ya buɗe tashar wutar lantarki ta Pearl Street a New York da wuta mai bin hanya ɗaya, irin ta batir, a kan bolt 110. Da ƙyar take kai mil guda.

Nikola Tesla, wanda ya yi wa Edison aiki na 'yan watanni a 1884, shi da lissafi yake farawa kafin ya taɓa ƙarfe. Ya riƙe wuta mai kai-komo, wadda taransifoma ke iya ɗaga ƙarfinta a tura ta nesa, a sauke shi a bakin gari. Wani mai masana'anta, George Westinghouse, ya sayi haƙƙin injinsa a 1888, kuma a 1896 wutar da aka samar daga ruwan Niagara ta isa birnin Buffalo. A ganina nan Edison ya yi taurin kai da ya ƙi wuta mai kai-komo, don lissafin a fili yake.

Ga shi. Kayan wat 120 a kan bolt 12 suna jan amfiya 10 (ma'aunin yawan wutar da ke bin waya). A kan bolt 240 kuwa rabin amfiya kawai. Jan ya ragu sau 20, asarar da ke zama zafi a waya ɗaya ta ragu sau 400.

Saboda haka, mai shagon caji, ka ajiye inbata, na'urar da ke mayar da wutar batir mai kai-komo ta ɗaga ƙarfinta, gab da batir, da gajeriyar waya mai kauri ta jan ƙarfe zalla. Doguwar da za ta tafi masallaci ko maƙwabta, bayan inbata za ta fita. In ka taɓa wayar batir ka ji ɗumi, ta yi siriri, ko kuma mahaɗin ya saki.