Wai yaƙin cacar baka bai shafe mu ba

Jama'a akwai abin da ya tsaya min a wuya tun makon jiya, wanda muke ɗaki ɗaya ya ce in share amma na kasa. Kun san ajin nan da ake sa baƙi su yi a nan Berlin bayan na koyon Jamusanci, na tarihi da dokokin ƙasa. Ranar aka zo kan yadda aka raba Jamus gida biyu, malamar ta bi kowa da tambaya, ɗan Siriya, 'yar Yukiren, wani dattijo ɗan Biyetnam, da ta iso kaina sai ta yi murmushi ta ce kai bari in yi maka bayani a hankali, na san ku can abin bai shafe ku ba. Ta ɗauko taswira tana nuna min wai nan ne Amurka nan ne Rasha.

Wallahi amsar tana bakina, Jamusancin ne ya ƙi fitowa, na yi ta in'ina har wasu suka fara danna waya.

Da da Hausa ne ai da ta sha labari. Da na gaya mata Amurka da Tarayyar Sobiyet dama abotar dole suka yi saboda Hitler, ana gama yaƙi a 1945 suka koma zaman doya da manja, suka yanka Jamus huɗu su da Ingila da Faransa, ita kanta Berlin da ke can tsakiyar yankin Sobiyet aka yanka ta huɗu. Amurka ta zubo kuɗi da shirin Marshall na farfaɗo da Turai, Stalin ya hana ƙasashen da ke hannunsa su karɓi ko kwabo. A 1948 na yamma suka fito da sabon kuɗi, shi kuma Stalin ya toshe wa yammacin Berlin hanyar mota da ta jirgin ƙasa da ta ruwa, har zuwa Mayun 1949 ta sama ake kawo wa rabin garin nan gawayi da fulawa. Filin da jiragen suke sauka, Tempelhof, yanzu wurin shan iska ne, can Turkawa da Larabawa ke gasa nama idan an yi rana, ni ma nakan je in zauna ni kaɗai ko don ƙamshin. A 1949 ɗin aka kafa NATO, Sobiyet ta gwada nata bam ɗin nukiliyar, 1955 ga ƙawancen soja na Warsaw na ɓangaren Sobiyet, da mutanen gabas suka yi ta sulalewa yamma sai aka wayi gari a Agustan 1961 an ja waya, daga baya ta zama katanga.

Ba a makaranta na koya ba, a shagon ɗinkin Baba ne a Funtua, Allah Ya jiƙansa. Rediyonsa ba ya mutuwa, ya kama BBC, ya murɗa Muryar Amurka, ya koma Jamus, da dare ya lalubo Masko yana ɗaga eriya, labari ɗaya kowa da yadda zai faɗe shi, su Alhajin da ke zama a bencin ƙofa su yi ta musu har a kira sallah. To in bai shafe mu ba me ya sa a lokacin Masko da Washington suke kashe kuɗinsu kullum su yi mana magana da Hausa? Su wa suka gina masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta in ba 'yan Sobiyet ba? Kisan Lumumba, firaministan Kwango, fa, yaƙin basasar Angola fa? Ina yaro lokacin da katangar ta faɗi a Nuwamban 1989, amma na tuna Baba ya tsayar da keke ya ce a yi shiru. Mutumin da ko Legas bai taɓa zuwa ba. Yau ɗansa ne ke tsallake layin duwatsun da ke nuna inda katangar take kullum in zai tafi aiki, kuma shi ake nuna wa Rasha a taswira.

Daren na kira gida don in huce. Inna ba ta gane abin da ya ɓata min rai ba, ita dai ina cin abinci, ina sa rigar sanyi, yaushe zan zo a yi maganar auren Auta. Na ce a ba ni ƙanina, na ce don Allah ya duba min rediyon Baba a ɗakin baya ya adana min shi. Buɗar bakinsa sai cewa ya yi ai tun bara aka ba 'yan gwangwan, wai ya yi tsatsa yana tare wuri. Ko shawara babu. Kafin in ce wani abu har ya fara min zancen wayar da na yi masa alkawari, wai ta abokinsa ta fi tasa kyamara.