Ɗalibin da aka fara nunawa da baki: abin yi kafin magana ta isa gida

Yaron da ya taso a ƙauye, a ce a ƙasar Sumaila ko Gwaram ko Birniwa, idan ya samu gurbin karatu a Wudil ko Dutse ko Kafin Hausa ko Jami'ar Bayero, ba shi kaɗai yake tafiya ba. Sunan gidansu yana biye da shi. A makarantar akwai ɗan unguwarsu, akwai ƙungiyar ɗaliban ƙaramar hukumarsu, akwai zauren WhatsApp da har wasu manyan gari suke ciki. Wannan zumuncin ne ke rufa masa asiri ranar da garin kwaki ya ƙare. Amma ga ɗalibin da zuciyarsa ke karkata ga jinsinsa, ko wanda ake zarginsa da haka kawai saboda muryarsa ko yanayin tafiyarsa, hanyar da saƙon ƙuli-ƙuli ke bi ya zo daga gida ita ce magana ke bi ta koma. Abin da aka raɗa a ɗakin kwana da hantsi, kafin magariba yana iya kaiwa kunnen mahaifinsa a bakin masallaci.

Ban ɗauki alƙalami don in yi jayayya kan hukuncin addini ba, mai karatu ya san abin da malamai suka faɗa. Abin da ya dame ni shi ne ran yaron, da lafiyarsa, da karatun da aka sayar da akuya ko buhun riɗi aka biya masa. Waɗannan ukun ne ake rasawa, kuma galibi ana rasa su ne tun kafin wata kotu ta ji labarin.

A fara da doka, domin yawancin shawarwarin da yaranmu ke karantawa a intanet an rubuta su ne don ɗaliban Amurka ko Ingila, inda jami'a ke ba irin waɗannan ɗalibai ƙungiya da ofis da allon sanarwa. A nan bin wannan shawara ganganci ne. Dokar haramta auren jinsi da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga waɗanda suka ƙulla irin wannan aure, da shekara 10 ga wanda ya yi rajista ko ya gudanar ko ya shiga ƙungiyar masu neman jinsi, ko ya nuna irin wannan soyayya a bainar jama'a. Kano da Jigawa kuma suna da dokokin shari'ar Musulunci tun farkon shekarun 2000, waɗanda hukuncinsu kan luwaɗi ya fi wannan tsanani nesa ba kusa ba. Saboda haka duk wanda ya ce wa ɗalibi ya zo su buɗe zaure mai suna, su tara mutum hamsin, ko bai san inda yake ba ko kuma tarko ne. Zaure ɗaya, waya ɗaya da ta faɗa hannun da bai dace ba, lambobin kowa sun fita.

Taimakon da ke yiwuwa a nan ƙarami ne kuma ba shi da suna: mutum biyu, iyaka uku, da suka san halin da kake ciki, suka kuma san abin yi ranar da ta ɓaci. Ba sai irinka ba. Sau da yawa wanda ya fi amfani abokin karatu ne mai hankali, ko yaya mace da ta yi aure, ko malamin jami'a dattijo da aka sani da kame baki. Yadda ake gane shi ba wuya: saurari yadda yake ba da labarin wasu. Wanda ya kawo maka sirrin wani don ku yi dariya, zai kai naka gaba. Kuma gara kada ya zama ɗan garinku, ba don mugu ba ne, sai don shi ma yana da uwa da zai yi wa hira ranar hutu. Magana zarar bunu ce.

Babban abin da ke cinye ɗalibai shi ne tarkon waya, wanda a kudu ake kira kito. Salonsa kusan ɗaya ne kullum. Wani ya turo saƙo a Facebook ko wata manhaja, ya yi sati biyu ko uku yana hira mai daɗi, ya nemi hoto, sannan ya ce a haɗu a ɗakinsa a bayan gari. Yaro ya sauka daga adaidaita, ya shiga soro, ya tarar da mutum huɗu. Su karɓe wayar, su sa shi ya buɗe ta da yatsansa, su ɗauke shi bidiyo yana kuka yana amsa duk abin da aka ce ya amsa, su kwashe abin da ke asusunsa, su kwafi lambar da aka rubuta wa "Baba" da wadda aka rubuta wa "Inna". Daga ranar kuɗin makarantarsa ya zama albashinsu.

Rigakafin yana da sauƙin faɗa. Kada hoto mai fuska ya fita zuwa ga wanda ba ka taɓa gani ido da ido ba. A kulle waya da lambobi shida, a cire buɗewa da yatsa ko fuska, domin hannu ana iya kama shi a danna. A WhatsApp a kunna tabbatarwa mai mataki biyu, a sa saƙonni su riƙa gogewa da kansu bayan awa 24, a kashe ajiye hotuna kai tsaye cikin waya. Lambobin iyaye a adana su da sunan da baƙo ba zai gane ba. Kada a bar kuɗin rajista a asusun da manhajarsa ke kan wayar da ake yawo da ita. Wannan duka ya shafi kowace ɗaliba ma, domin da irin wannan dabarar ake tatsar 'yan mata.

Idan an riga an faɗa, kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne biya. Mai barazana ba ya sayar da bidiyon, haya yake bayarwa; biyan farko shi ke tabbatar masa cewa akwai tsoro kuma akwai kuɗi. Kuskure na biyu shi ne goge komai cikin firgici. A ɗauki hoton saƙonnin barazanar, da lambar asusun da suka turo, da ranar da lokacin, a ajiye a wurin amintaccen nan, ba a wayar ba. Ƙwace da barazana don karɓar kuɗi laifi ne a dokar ƙasa ko wane ne aka yi wa, kuma dokar laifukan intanet ta 2015 ta shafi wanda ya yi ta waya. Sai dai kada yaro ya tafi caji ofis shi kaɗai, don mai kai ƙara yana iya komawa wanda ake tuhuma. A fara da lauya, wanda doka ta ɗora wa riƙe sirrin mai neman taimakonsa. Wanda ba shi da kuɗi ya nemi Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta ƙasa ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta ƙasa.

Sai zargin cikin ɗakin kwana, wanda ya fi komai saurin zama jini. A watan Oktoban 2012 taron jama'a ya kashe ɗalibai huɗu na Jami'ar Fatakwal a garin Aluu kan zargin sata, ba alƙali ba shaida. Taro ba ya tambaya. A nan aikin na abokin ɗaki ne, kuma mintuna goman farko su ne komai. Kada ka tsaya musu da masu ihu kan ya yi ko bai yi ba, wannan ƙara wa wuta fetur ne. Ka fitar da shi daga ginin, ka kai shi ofishin masu tsaron makaranta ko asibitinta, wani kuma ya kira jami'in kula da harkokin ɗalibai. Kalmar da ta fi sanyaya taro ita ce "a bar hukuma ta yi aikinta". Daren nan kada ya kwana a ɗakin. Takardunsa na asali, katin shaida da rasiɗan biyan kuɗi, wani ya kwaso masa su kafin a watsar da kayansa waje.

Ga masu ganin suna kishin addini da wannan ihun, ina tuna musu abin da suka karanta a islamiyya. Suratul Hujurati, aya ta 12, ta hana yawan zato da bin diddigin asirin mutane. Suratun Nur, aya ta 4, ta yanke bulala 80 ga wanda ya jefi kamammu da alfasha bai kawo shaidu huɗu ba. Laushin murya ba shaida ba ne, iya girki ba shaida ba ne, ƙin zuwa zance ba shaida ba ne. Wanda ya buɗe wayar ɗan'uwansa yana barci ya yaɗa abin da ya gani, ya dubi nasa laifin tukuna.

In magana ta kai gaban kwamitin ladabtarwa, ɗalibi ya nemi a ba shi tuhumar a rubuce, ya nemi lokacin shirya amsa, kuma kada ya sa hannu a takardar da wani ya rubuta masa, ko da an ce "sa hannu kawai a kashe maganar". Wannan takardar ce ake korarsa da ita. Tun 1986, a shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri, Kotun Ƙoli ta soke korar ɗalibai saboda ba a ba su damar kare kansu yadda ya kamata ba, ta kuma nuna cewa tuhumar aikata laifi aikin kotu ce. Idan zaman makarantar ya gagara, a rubuta takardar neman jinkirta karatu na zango ko shekara, a karɓi kwafi mai hatimi. Wanda ya gudu ba takarda, bayan wani lokaci sunansa ake cirewa, shekara uku ta tafi a banza. In kuwa kamu aka yi, tsarin mulkin 1999 ya ce a kai mutum kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, yana da ikon yin shiru har ya ga lauya, kuma dokar 2017 ta haramta azabtarwa don a tilasta amsa laifi.

Lafiya ita ce inda kunya ke kisa a hankali. Yaro ya ga alamar ciwo, ya ji tsoron tambayoyin asibiti, ya je kemis ya sayi ƙwaya huɗu ya sha kwana biyu. Alamar ta lafa, cutar tana nan, gobe maganin ya daina yi mata aiki. Gwajin ƙanjamau da maganin rage kaifinsa ana bayar da su kyauta a cibiyoyin gwamnati da aka ware, har da manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kuma wata doka ta daban, ita ma ta 2014, ta hana nuna wariya ga mai ɗauke da cutar, a makaranta ko wurin aiki. Wanda aka yi wa fyaɗe, ko ya san ya shiga haɗari, akwai maganin kariya daga ƙanjamau da dole a fara cikin awa 72, a sha kwana 28 ba fashi. Kowace awa da aka ɓata tana rage amfaninsa. Gwajin da aka yi sati ɗaya bayan abin ya faru ba ya wanke mutum, a maimaita bayan wata uku. Ciwon hanta nau'in B yana da allurar rigakafi sau uku: yau, bayan wata ɗaya, sai a wata na shida. Wanda yake tsoron haɗuwa da idon sani a asibitin garinsu, ya shiga mota ya je na wani gari.

Ciwon damuwa kuma ba ya nuna kansa da wuri. Alamominsa su ne daina shiga aji, kwana ido biyu, raba kayansa ga abokai, yawan cewa "ku yafe ni". Aboki ya tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta cusa tunanin, sau da yawa ita ke buɗe baki. In ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da fiya-fiya da maganin ɓera da tarin ƙwayoyi daga ɗakin, a kai shi ga likita a ranar. Akwai asibitin masu taɓin hankali a Dawanau, akwai a Kazaure. Ba dole ya faɗi dalilin damuwarsa ba kafin a duba shi.

Daga ƙarshe magana takan isa gida, kuma abin da gida ya yi a satin farko shi ke yanke makomar yaron. Uba ya ji kunya a majalisa, ya rantse ya yanke kuɗin makaranta. Ko a ɗaura masa aure cikin gaggawa da 'yar baffansa, a jefa yarinyar da ba ta san hawa ba ta san sauka ba cikin baƙin ciki. Ko a kai shi gidan mari. Abin da aka gani a irin waɗannan gidaje da hukumomi suka rufe a Kaduna da Katsina a 2019, sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya, ya isa ya hana kowane uba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Yaron da aka kora ba ya shiryuwa a tasha, hannun masu tarkon nan yake komawa.

Mai shiga tsakani ya zama mutum ɗaya da uban ke jin nauyinsa, kawu ko goggo ko limamin da aka sani da rufin asiri, ba taron dangi ba. Buƙatarsa ta zama guda ɗaya: a bar shi ya gama karatu. Ɗalibin kuma ya shirya wa ranar da za a ƙi. Asusun lamunin karatu na tarayya, NELFUND, wanda ya fara aiki a 2024, yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'ar gwamnati, ana nema ta intanet da lambar JAMB da NIN da BVN da lambar ɗalibi. Ya buɗe asusun banki da layin wayar da ke hannunsa, ba na yayansa ba. Takardun WAEC ko NECO, da takardar haihuwa, da ta shaidar ƙaramar hukuma, kada su zauna a akwatin Baba. Ya ɗauko su tun a hutun da ake lafiya, ya yi kwafi biyu, ya ajiye ɗaya a wurin amintaccensa.